Ƙaro Da Cingam: Wa Ya Cancanci Dariya?

A wata makarantar sakandare da ke Cirozerin, cikin jahar Agadas, wani malami ya hango bakin wata ɗaliba yana motsi ana tsakiyar darasi. Ya ce, "Ke, me kike ci?" Yarinya ta miƙe tsaye, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Mushe, ƙaro ne." Nan take aji ya ɓarke da dariya. Malamin ya sa ta fita ta tofar, ya kuma raka ta da cewa nan lakwal ce, ba wurin kiwon awaki ba. Kafin a tashi sai ga wani yaro an kama shi da cingam. Shi cewa kawai aka yi ya jefar, ya kuwa manna shi a ƙarƙashin benci, darasi ya ci gaba. Babu wanda ya ko murmusa.

Hana tauna a cikin aji ba abin zargi ba ne, domin ladabin makaranta ya gāji haka, kuma kowane malami yana da ikon tsare shi. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne dariyar. Laifin yaran biyu iri ɗaya ne, amma ɗaya an ɗauke shi ɗan zamani da ya yi kuskure, ɗayar kuwa an mai da ita baƙauya da aka kama da shaidar ƙauyancinta a baki. Yara arba'in ko hamsin sun koyi wani darasi a ranar wanda ba ya cikin manhaja: abin da ya fito daga itacen bakin ƙorama abin kunya ne, abin da ya zo cikin takarda mai ƙyalli kuwa shi ne wayewa. Wanda ya koyar da wannan darasi, da za a tambaye shi da me ake yin cingam, da wuya ya iya ba da amsa.

Ga amsar. Duk wanda ya juya takardar cingam ya karanta ƙananan rubutun da ke bayanta zai tarar da sukari ko abin da ke maye gurbinsa, da ƙamshi, da launi, sannan wasu kalmomi biyu na Faransanci, gomme base, waɗanda ba a fayyace abin da suka ƙunsa. A cikin mafi yawan cingam na yau wannan tushe roba ce da ake samu daga man fetur. Akwai polibinil asetat, wanda shi ne jigon farin gam ɗin da kafinta ke haɗa katako da shi. Akwai poli'isobutilen, dangin robar da ake yin cikin taya da ita. Wani lokaci har da poli'etilen, wato abin da ake yin leda. Hukumomin kula da abinci na ƙasashen da ke sarrafa shi sun yarda da waɗannan abubuwa, kuma babu mai cewa guba ce da za ta kashe yaro gobe. Amma roba ce, shi ya sa ba ta narkewa a baki, ba ta ruɓewa a ƙasa, take zama shekara da shekaru a manne a benci da tabarma da gindin takalmi. A shekarar 2014 Nijar ta kafa dokar hana shigowa da leda da sayar da ita, saboda ɓarnar da take yi wa ƙasa da dabbobi. Kowane makiyayi ya san abin da mahauta ke cirowa daga tumbin akuya. To ga ƴar'uwar ledar nan a bakin yara, ana kiranta alewa. Ƙasar Singafo, wadda babu mai iya ce mata ƙauye, ta hana sayar da cingam tun 1992 saboda ƙazanta da lalata ƙofofin jiragen ƙasa, sai a 2004 ta ɗan sassauta ga irin wanda ake amfani da shi don magani.

Abin ban dariya, in dai dariyar ake so, shi ne cingam kansa jikan ƙaro ne. Mutanen Maya na ƙasar Meziko da maƙwabtanta sun daɗe suna tsaga wani itace suna tauna ƙullin ruwan da ke fitowa daga jikinsa, wanda ake kira cikile. Wani tsohon shugaban Meziko mai suna Santa Anna, yana zaman gudun hijira a Niyok, shi ya kai wa Thomas Adams wannan ƙaro da niyyar a yi roba da shi. Robar ba ta yiwu ba, sai Adams ya mai da shi abin tauna, ya sami takardar mallakar injinsa a 1871. William Wrigley ya biyo baya a Shikago, ya fara da sayar da sabulu a 1891, ya ƙare da cingam. Sojojin Amurka suka yaɗa shi a duniya lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma a 1952 aka fara yin samfurin Hollywood a Faransa, wanda duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasashen renon Faransa ya san shi. Bayan yaƙin ne, da itatuwan cikile suka kasa ƙosar da kasuwa, masana'antu suka koma ga robar fetur domin ta fi araha. Wato an ɗauki al'adar tauna ƙaro daga hannun talakawan daji, an cire itacen, an sa roba a madadinsa, an zuba sukari, an naɗe a takarda, sannan aka dawo da shi ana sayar wa jikokin masu tauna ƙaro na gaske. Su kuma suna saye, suna yi wa kakanninsu dariya.

Tauna ƙaro kuwa ta girmi duk wata masana'anta. A shekarar 2019 masana a ƙasar Danmak suka bayyana cewa sun gano kamannin wata mata da ta rayu shekaru 5,700 da suka wuce daga wani guntun ƙaron itace da ta tauna ta yar. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Agadas da Damagaram da Katsina sun yi maganar hukuncin tauna ƙaro ga mai azumi, suka ce makaruhi ne. Ba a kuwa yanke hukunci a kan abin da mutane ba sa yi.

A nan ya kamata a bambanta abubuwa biyu da bakin Bahaushe kan haɗa su a suna ɗaya, domin masu kare ƙaro da yawa suna rikita su. Akwai ƙaron itatuwa masu ƙaya, irin su ɗakwara da dushe da bagaruwa, da kuma afagag da tamat, kamar yadda Abzinawa ke kiran manyan itatuwan ƙoramun Abzin. Wannan yana narkewa a ruwa. In an jefa shi a baki yakan fara da tauri kamar tsakuwa, ya yi laushi, ya kama haƙora na ɗan lokaci, sannan ya narke a haɗiye shi. Abinci ne, ko da yake ba mai ƙosarwa ba, kuma makiyayi da matafiyi sun daɗe da sanin yana rage yunwa da bushewar maƙogwaro. A kudu ana cin na ciriri da na marke. Sannan akwai na biyu, mai ƙamshi, wanda ruwa ba ya narkar da shi, irin na dashi, wanda Abzinawa ke kira adaras, da na hano, da lubban da ake kawowa daga gabas. An fi sanin waɗannan a kaskon turare, amma lubban ana tauna shi, yakan fara da ɗaci sannan ya haɗe ya zama fari mai danƙo, mutum ya yini da shi in ya so. Shi ne ya fi kusa da cingam a ɗabi'a. Duk wanda ya ce wa yaro ƙaron tamat zai yi masa balan-balan kamar na kanti ya yi masa ƙarya, kuma yaron zai gane ƙaryar cikin minti biyar.

Wannan ƙaro na farko, wanda aka kori yarinya saboda shi, duniya ba ta taɓa yi masa dariya ba. A ƙarni na 18 Faransa da Ingila da Holan sun yi ta gwabzawa a gaɓar Muritaniya da bakin kogin Sanagal domin mallakar cinikinsa, saboda masaƙun Turai ba sa iya buga zane a jikin atamfa sai da shi. A 1758 Ingila ta ƙwace birnin Saint-Louis daga hannun Faransa, kuma ƙaro na cikin manyan dalilai. A yau yana cikin lemon kwalba, da alewa, da ƙwayoyin magani, da fenti, da tawadar ɗab'i, a ƙarƙashin lambar E414. Sudan ce ke samar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da duniya ke saye, sai Cadi da Najeriya. Lokacin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, sai da ta buɗe wa ƙaro ƙofa, domin masana'antunta ba su da madadinsa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, manyan kamfanonin lemo da alewa sun shiga lissafin watanni nawa ajiyarsu za ta kai su. Mafi yawan wanda ake fitarwa daga Afirka kuwa Faransa yake fara sauka, inda kamfanoni irin su Nexira da Alland & Robert ke tace shi su mai da shi gari su sayar wa duniya da tsada. Hasali ma, wani cingam ɗin mai ɓawo, da ƙaro ake shafe bayansa don ya yi sheƙi. Yaron da ya manna nasa a ƙarƙashin benci, mai yiwuwa ne ya riga ya tsotse abin da aka kori ƴar ajinsu dominsa, sai dai nasa ya yi tafiya zuwa Turai ya dawo.

Ba sai an je Turai ba ma. Tawadar da almajiri ke rubuta allo da ita, da ƙaro ake haɗa ta, shi ne ke riƙe baƙin ya zauna. Tsofaffin littattafan hannu da ake alfahari da su a Agadas da Tambutu, ƙaro ne ya riƙe haruffansu ɗaruruwan shekaru. Mai wankin hula ya san shi, mai bugun shadda ya san shi. Malamin da ya ce ƙaro kayan masu kiwon awaki ne, da shi aka koya masa baƙi da wasali kafin ya san hanyar lakwal.

A tsibirin Kiyos na ƙasar Girka akwai wani ɗan itace da ake tsagawa ya zubar da ƙaro mai ƙamshi, mastika, wanda ake taunawa tun zamanin da. Mutanen wurin ba su ji kunyarsa ba. Sun kafa ƙungiyar manoma, sun kare sunansa a dokar Tarayyar Turai, sun gina masa gidan tarihi, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sa sanin nomansa cikin jerin gadon ɗan Adam. A wannan zama ɗin dai aka sa wasan barkwanci na ƙabilun Nijar cikin jerin, shekara guda bayan an sa kiɗan imzad na Abzinawa. Ashe abin da tsohuwa ke taunawa a ƙofar ɗakinta yana iya zama al'ada da za a yi wa biki, in dai masu shi sun ɗauke shi da daraja. Ƙungiyoyin raya al'adu na wannan ƙasa sun iya shirya raye-raye da wasan raƙuma da gasar kitso, kuma duk suna da kyau. Amma al'ada ba ta tsaya a dandali ba. Rabinta tana cikin abin da ake ci, da abin da ake sani game da itace da ƙasa, kuma wannan rabin shi ne ke mutuwa ba tare da an yi masa ko zaman makoki ba.

Masu goyon bayan cingam suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa ƙaro yakan zo da ƙura da ɓawo da ƙwari, ana baza shi a faifai ƙudaje na bi. Gaskiya ne, kuma maganinsa a tsince, a kankare, a rufe, kamar yadda ake yi wa dabino da ƙuli-ƙuli, waɗanda babu wanda ya ce a daina cin su don ƙuda ya sauka a kai. Suna cewa likitocin haƙori sun yarda cingam marar sukari yana ƙara miyau, yana taimakon haƙora bayan cin abinci. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai a leƙa teburin mai sayar da alewa a ƙofar makaranta a ga wane iri ne yaro ke saye da dala biyar ɗinsa. Mai sukari ne, mai launi, wanda zaƙinsa ke ƙarewa cikin ƴan mintoci ya bar roba, yaro ya koma ya sayi wani. Ƙaron ɗakwara ba shi da wannan sukari, kuma ƙwayoyin da ke cin haƙori ba sa samun abinci a cikinsa kamar yadda suke samu a alewa. A garin da ganin likitan haƙori ke nufin tafiya da kuɗin mota, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Haka kuma dole a ja kunnen masu kare ƙaro da suka wuce gona da iri. An fara jin masu talla a kasuwa da a wayar salula suna cewa ƙaro yana warkar da ciwon ƙoda, da ciwon sukari, da gyambon ciki, da duk abin da ya dami ɗan Adam. Wannan cin amana ne, kuma mai ciwon ƙoda da ya bar asibiti ya koma jiƙa ƙaro ransa yake wasa da shi. Abin da aka tabbatar ya isa: hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta sake nazarinsa a 2017 ba ta sami abin tsoro a cikinsa ba, yana taimaka wa hanji kamar yadda dusar hatsi ke yi, kuma in an cika shi yana kumbura ciki. Ba kowane ruwan itace ne kuma ake kai wa baki ba. Yaron Abzin na da ya san nonon tumfafiya ba abin wasa ba ne tun kafin ya iya ƙirga goma. Sannan a yi hattara da sabon yayi na cingam da ake rubuta wa "na halitta" a jikin kwali ana sayarwa da tsada. A watan Maris na 2025 wasu masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas sun ba da rahoton wani ɗan gwaji da suka yi a kan samfura goma, biyar na roba, biyar masu wannan suna, suka tarar dukansu suna sakin ɓurɓushin roba a cikin miyau, kusan daidai wa daida. Gwajin ƙarami ne, kuma bai nuna illar abin ga jiki ba. Amma ya isa ya nuna cewa kalmar da ke jikin kwali ba ta zama shaida. Ƙaron da yarinya ta ɓalle da hannunta daga reshen tamat ba ya bukatar kwali ya rantse masa.

To amma ko da an ce cingam da ƙaro daidai suke ga lafiya, akwai abin da ya fi haƙori. Cirozerin gari ne da ya girma a kan gawayin ƙasa, tun da kamfanin SONICHAR ya fara haƙa a Anu Araren yana ba ma'adinan Arlit da birnin Agadas wutar lantarki. Jama'a sun ƙaru, tukwane sun ƙaru, kuma mafi yawan tukwanen da itace ake hura musu wuta. Tun daga 2014, da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, zirga-zirga da bukatar makamashi a jahar sun daɗa yawa. Afagag da ake sarewa cikin sa'a guda ya yi shekaru da dama kafin ya kai tsawon raƙumi, a ƙasar da ruwan shekara bai taka kara ya karya ba. Itace a irin wannan wuri ba doka ce kaɗai ke tsare shi ba, amfani ne. Wanda ke cin ƙaronsa, akuyarsa ke cin ƴaƴansa, yake shan inuwarsa, shi ne zai tsaya a gaban mai gatari. Yaron da aka koya wa cewa abin da itacen ke bayarwa abin kunya ne, in ya girma ba zai ga komai a jikinsa ba sai buhun gawayi. An yi jimamin Itacen Tenere da mota ta kaɓe a 1973, aka ɗauko gawarsa aka gina mata rumfa a gidan tarihi na Yamai. Irinsa ne dai ke tsaye a ƙoramun Abzin, ana sare su kullum ba mai ɗaukar hoto.

Nijar ta taɓa zama mai fitar da ƙaro sosai, daga yankunan Gure da Maine-Sorowa da Tera, kafin farin 1973 da na 1984 su kashe dazuzzukan ɗakwara, cinikin ya durƙushe, abin da ya rage ya riƙa sulalewa ta kan iyaka. Tun daga 1975 ake dasa itace kowace ranar 3 ga Agusta, kuma shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya dogara ƙwarai a kan ɗakwara. Ɗalibai ne ake jerawa a rana su riƙe dashe a yi musu hoto. Ana so su shayar da itacen da aka hana su ɗanɗana abin da yake haifarwa.

Sai kuma maganar harshe, wadda ta fi shafar masu karanta wannan shafi. A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. An yi murna, an yi muhawara, wasu sun ji an danne nasu harsunan. Amma harshe ba da takardar doka yake rayuwa ba. A gwada shiga aji a yau a ce yara su kawo sunayen itatuwa biyar masu ba da ƙaro, da Hausa ko da Tamajak, su faɗi wanda ake ci da wanda ake turare da shi, da lokacin da yake fitowa, da dalilin da ya sa sai da rani, bayan ganye ya kaɗe iska ta busa, itace ke zubar da shi. Ƴan kaɗan ne za su iya, kuma waɗanda za su iya ɗin su ne na bencin baya, ƴaƴan makiyaya da masu garka, waɗanda aka saba yi wa dariya. Kalma tana mutuwa ne ran da abin da take nufi ya fita daga hannu da baki. Malamin Hausa da ke koyar da karin magana a kan zanen aro da ba ya rufe katara, alhali ya bar sunayen itatuwan ƙofar makarantarsa suna ɓacewa, aikinsa rabi ne.

Babu mai neman a yi dokar hana cingam, ko a sa ɗan sanda a teburin mai alewa. Abin da ake nema ya fi haka sauƙi, kuma ba ya cin ko dala. Malamin kimiyya ya kawo kofi biyu na ruwa, ya jefa ƙaro a ɗaya, cingam da aka tauna a ɗaya, a ajiye a taga, a dawo washegari a duba. Malamin tarihi ya ba da labarin Saint-Louis da shekarar 1758. Malamin Faransanci ya sa a karanta bayan takardar cingam kalma bayan kalma, a nemi ma'anar kowace. Malamin Hausa ya aiki yara wurin kakanninsu su rubuto sunaye da yadda ake tsaga ɗakwara ba tare da an kashe ta ba, ƙungiyar al'adu ta tattara ta buga, a harsuna biyu ko uku. Matan da ke tsintar ƙaro su sami mai nuna musu yadda za su tsabtace shi su ƙulla a takarda, a ajiye shi a teburin ƙofar makaranta kusa da na kanti, yaro ya zaɓa da kansa. A ranar da za a yi darasin kofi biyun nan, wadda ta fi kowa cancantar ta tsaya gaban allo ta yi bayanin wane itace ne, a wace ƙorama, a wane wata, ita ce yarinyar da aka kora ta je ta tofar.